Rawar da Malam Thorkild Ya Tafi da Ita

Ranar Talata, sha ɗaya ga Nuwamba, 1884, muna tsakiyar atisaye a ɗakin rawa, mai gadin gidan wasa ya leƙo ya ce Malam Thorkild Brandstrup ya rasu da hantsi. Mai goge ya sauke gogensa.

Malam, duk wanda ya taka rawar bale, irin ta dandamalin Turai, a birnin Copenhagen a zamaninmu, ta hannunka ya bi. Kai ne kake riga kowa zuwa, ka ɗauki butar ban-ruwa ka yayyafa wa daɓen katako don kada santsi ya kayar da ɗan wani. Sannan ka zaro ɗan gogenka na aljihu, kana kiɗa kana faɗa. "Aksel," ka kan ce mini, "tsalle na ce, ba buhun dankali na ce a jefo ba." Shekarar da na karye a idon sawu, har ana maganar sallamata, kai ne kake hawowa bene har ɗakina da burodi da kifi, ka zauna a bakin gado kana koya mini yadda ɗan rawa ke ba da labari da hannu da fuska. Da hannuwan nan nake cin abinci har yau.

Amma ina da ƙorafi, kuma zan faɗe shi ko da yake ba ka nan. Ba ka taɓa yarda a rubuta rawarka ba. A jikin mutane kake ajiye ta, kowa da nasa kason. Wasanka mafi girma, Dawowar Masunta, haka ka rarraba mana shi, ban da rawar tsohon masunci da ke rufe wasan, wadda kai kaɗai kake takawa. Sau nawa na roƙe ka? Sai ka ƙwanƙwasa mini gwiwa da sandar goge ka ce, "Yaro, wannan ƙafar ta cika lafiya. Ranar da ta fara ciwo, zo in ba ka."

Gidan wasa ya ce a maimaita wasan don tunawa da kai. Muka taru, kowa ya kawo abin da ka ajiye a jikinsa, komai ya haɗu tsaf har aka zo wurin tsohon. Mu da muka shekara muna kallonka daga gefen labule, kowa ya gwada, kowa ya fito da abu dabam. Ashe kallo muke yi, ba koyo ba. A ƙarshe muka yarda a kaɗa kiɗan, a bar dandamali babu kowa. Wannan abu ya yi mini ciwo fiye da ganin akwatin gawarka.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutu. Uwargida Dorthea da 'yarku Signe, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, mu ma marayun ne.

Tun farkon sanyin bana gwiwata ta hagu ta fara ciwo. Ranar da ka rasu, da niyyar gaya maka na fito daga gida.

Ɗalibinka,
Aksel Nyholm