Labarin Ɗan Wata Mata a Bakin Tafireta

Ɗana na fari ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ba yau zan fara ba. A gidanmu haka muka tashi muka tarar. Mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa. Idan wani ya yabe shi a gabanta, sai ta kau da kai kamar ana zancen ɗan wani gari. Tun da aka yaye shi mahaifiyata ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Ya ji ƙannena suna ce mini Yaya, shi ma ya kama. Har yau da furfura a gemunsa, Yaya yake ce mini. Ni kuwa in ina son magana da shi sai in ce "kai", ya san da shi nake.

Gidanmu yana bayan kasuwar Kafanchan, kuma duk wanda ya san kasuwar ya san gidan. Kakan mijina da goro ya fara, mijina ya koma citta. Da Allah Ya yi masa rasuwa ban bari sikelinsa ya yi tsatsa ba. Na ɗaura zani na ci gaba. Ban yi boko ba, amma ba a taɓa sauke mini buhu na rasa sanin abin da ke cikinsa ba.

Abin da zan faɗa ya faru ne zamanin da soja ke mulki, lokacin da jirgin ƙasa ya fara ja da baya, ana ta sallamar ma'aikata. Yaron ya gama sakandare, ya ƙara da makarantar koyon aikin gona, ya dawo gida da takardar shaida. Daga nan sai neman aiki. Ya aika takarda Kaduna, ya aika Jos, ya je da ƙafarsa ya dawo takalmi ya cinye. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, shiru. Ana cikin haka ya fara zancen tafiya Legas, wai wani abokinsa ya ce ana ɗaukar masu gadi. Jikan gidan nan, a ƙofar wani da kulki. Abinci ya daina yi mini daɗi.

Sai aka ji wani kamfani mai fitar da citta waje ya buɗe sito a Kachia, yana neman wanda zai riƙa saya masa kaya daga hannun manoma. Ranar kasuwa mai zuwa za a rufe karɓar takardu. Yaron ya ce wannan ce ta ƙarshe, in ba a kira shi ba zai hau mota.

Katanga ɗaya ta raba mu da Maman 'Yan Biyu. Kirista ce, 'yar ƙauyukan nan, ta daɗe tana buga tafireta a ofishin jirgin ƙasa kafin sallama ta biyo ta kanta. Ta sayi tsohuwar tafireta ta kafa tebur a barandarta, masu neman aiki suna zuwa tana buga musu. Hausarta irin ta nan ce, mace ma "kai" take ce mata, kuma ba ta san ɓoye magana ba. Na saba zama wurinta da la'asar ina tsince wake muna hira.

Ranar ina zaune sai ga shi da takarda a hannu. Ya gaishe ta, ya gaishe ni, ya miƙa mata. Wai sunan takardar si-bi, ita ake haɗawa da wasiƙar neman aiki. Ta sa tabarau ta karanta, ta sauke tabarau ta dube shi.

"Wannan ne kake aikawa tun da?"

"Shi ne, Anti."

"Shi ya sa kana gida." Ta juyo wurina. "Mama, bari in faɗa maka abin da ya rubuta. Ya ce shi mai gaskiya ne, mai ƙwazo, mai biyayya, mai tsoron Allah."

Wake ya zube daga hannuna. Na ce, "Wa ya ce?"

"Shi."

"Shi ya ce da bakinsa shi mai gaskiya ne?"

"Da biro ɗinsa."

Na rasa inda zan sa idona. Mu a saninmu, mutum ba ya yabon kansa sai in hankalinsa ya taɓu. Lokacin da ƙanin mijina ya nemi aiki a tashar jirgi, dattijo aka samu ya ɗauki goro ya je ya yi magana a kansa, shi kuwa yana tsugune a waje kansa a ƙasa. Ashe duk shekarun nan yaron da aka yi wa tarbiyya a ɗakin mahaifiyata yana aika kirarin kansa gari gari, har da kan sarki a jikin ambulan.

Na ce, "To ai sai ki goge wannan rashin kunyar, ki rubuta ɗan gidan wane ne. A nan zuwa Kachia wa bai san kakansa ba?"

Ta yi dariya har da buga tebur. "Mama, mai kamfanin daga Legas ya zo. Kakan ne zai hau sikeli? Zan goge ɗin, amma ba don kunya ba. Kowane yaro da ya zo nan mai gaskiya ne mai ƙwazo. Ɓarawo ma haka zai rubuta. Manaja ba ya karanta wannan. Abin da kai ka yi da hannunka, shi yake nema."

Ta sa yatsa a tsakiyar takardar. "Ka ga nan? Ka gama makaranta shekara kaza. Daga nan har yau fili, babu komai. Mai karatu zai ce ko kurkuku ka je. Me kake yi tun da ka gama?"

Ya ce, "Ba komai. Ina zaune a gida."

"Zaune kamar turmi?"

"Ina ɗan taya Yaya aike-aike."

Aike-aike. Na ji kalmar ta sauka a ƙirjina. Yaron da tun rasuwar ubansa ban ƙara taka ƙauye ba saboda shi.

Maman 'Yan Biyu ta dube ni. "Mama, kai ne mai kaya. Yaron nan yana iya aiki ko ba ya iya?"

A gabansa ta tambaye ni. Shekarunta nawa a maƙwabtaka da ni, amma a wurinsu uwa tana rawa a coci ranar da ɗanta ya ci jarrabawa, ba ta ga wani abu a tambayar ba. Na ba ta amsar da uwata za ta bayar, wadda kakata za ta bayar. Na taɓe baki na ce, "Oho masa. Wa ya san abin da yake yi."

Na ɗauka zai yi murmushi ya sunkuyar da kai, yadda ɗan fari ke yi, don ya san abin da ke ƙarƙashin maganar. Bai yi ba. Gyaɗa kai ya yi a hankali, irin na wanda aka faɗa wa abin da ya daɗe da sani. Ya ce, "Kin ji ko, Anti? Ki buga yadda yake kawai. Gobe da safe zan zo in karɓa." Ya tashi ya tafi.

Na zauna da faifai a cinya. Ashe da gaske ya ɗauka. Ashe duk ranar da aka yabe shi na kau da kai, shi gani yake ban ga abin yabo ba. Mahaifiyata da za ta riƙa gaya masa "uwarka kunya take ji" ta rasu bai gama mallakar hankalinsa ba, babu wanda ya fassara masa ni. Ni ina nan ina taƙama a raina babu mai ɗa kamar nawa a layin 'yan citta, shi kuwa yana yawo da takarda mai fili a tsakiya.

Kada wani ya ce al'adar ce ba ta da kyau. Ita ta raine mu, kuma ba mu lalace ba. Amma takarda ba ta san kunya ba, kuma ranar kasuwa tana matsowa.

Da safe na riga shi zuwa barandar. Na ɗauki kujera 'yar tsugunno na juya ta, na ba ƙofa baya, na fuskanci katanga. Da na ji takunsa ya shigo ya gaishe mu, sai na ce, "Maman 'Yan Biyu, sa takarda a injin nan. Zan ba ki labarin ɗan wata mata."

Sai na ji ƙarar takarda tana shiga. "Ina ji, Mama. Wace mata?"

"Ba ki san ta ba."

Na fara. Na ce matar nan tana da ɗa wanda tun da mijinta ya mutu shi ke shiga ƙauyuka sayen citta, kan keke, daga baya kan babur ɗin aro. Yana jin yaren manoman, yana jin Fulatanci, in ya zauna da tsoho a gindin bishiya ba ya tashi sai sun shirya. Na ce akwai manoman da ko an ƙara musu farashi ba sa sayar wa kowa sai sun ji ba zai zo ba, saboda bai taɓa danne musu sikeli ba. Na ce shi ke duba tsaga citta da shanya ta, in ya karya citta ya shinshina ya san ko ta bushe har ciki. Na ba ta labarin ranar da aka kawo buhuna sama busasshe tsakiya ɗanye, ya zura hannu har kafaɗa ya zaro, ya mayar da kayan ba tare da an yi faɗa ba, mai kayan ma har yau suna gaisawa. Na ba ta na shekarar da ruwa ya dawo bayan an ɗauka ya tafi, citta shanye a fili, ya tara 'yan dako suka kwashe kafin hadari ya sauko, ta maƙwabta ta yi fumfuna ta matar nan ba ta yi ba. Na faɗi yadda yake shirya mota, yadda ya taɓa zama da kaya a hanyar Kachia da gingimari ta lalace, bai matsa ba sai da aka gyara ya kai su cif.

Ina magana tafireta tana tafiya, ta tsaya, ta ci gaba. A bayana kuwa ko tari babu. Na san yana nan, don ina jin numfashinsa.

Da na kai aya ta ce, "Ubangiji Ya yi wa matar nan albarka. Amma Mama, dole in sa suna a sama. Ya sunan yaron?"

Na ce, "Tambayi na bayana, ƙila ya san shi."

"Uwar fa? In sa shi cikin masu ba da shaida?"

"Ki sa ta in ga wanda zai sake kawo miki dambu."

Ta yi dariya ta ce dama ba a sa uwa, malaminsa na makarantar gona za a sa, da wani babban manomi da ya san aikinsa.

Sai ta zaro takardar ta nuna mini. Na juyo na duba. Duk labarin nan da na kwashe hantsi ina bayarwa, da hadari da 'yan dako da gingimari, ya koma 'yan layuka da tafin hannuna zai rufe. Na ce, "Ina sauran?"

"Manaja ba ya da lokacin tatsuniya, Mama. Shafi ɗaya. In ya so sauran zai kira shi ya tambaya."

Ban gama haɗiye wannan ba ta miƙa masa ta ce, "Karanta da ƙarfi, ka juya da Hausa. Ranar intabiyu ba ni za a tambaya ba."

Ya karɓa. Ya fara. "Na yi shekaru ina sayen citta daga hannun manoma. Ina jin harsunansu. Ina tantance busasshiya da ɗanya. Na kula da shanya da ajiya da lodin mota."

Na. Ina. Duk inda na ce "ya", matar nan ta mayar da shi "na". Maganata ce, da na faɗa wa katanga a kan ɗan wata, ga ta tana fitowa daga bakin ɗan fari a gaban uwarsa. Na ja mayafi na rufe fuska. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata.

Ya tsaya a tsakiya ya ce, "Anti, wannan duk ba ƙari a ciki?"

Ta ce, "Ni ban san yaron ba. Tambayi mai labari."

Bai tambaya ba. Ni kuwa na sauke mayafin daga fuskata. Amma ban taɓe baki ba, kuma ya gani.

Ya kai takardar Kachia ana gobe kasuwa. Bayan kwanaki aka aiko ya je. Ranar na kasa zama a rumfa, na dawo gida na hau wanke tukwanen da ba su yi datti ba. Da la'asar na ji tsayuwar babur a ƙofar maƙwabta, ba a tamu ba. Na matsa jikin katanga da tukunya a hannu.

Maman 'Yan Biyu ta ce, "Yaya aka yi? Sun tambayi makaranta?"

"Sun duba takardar shaida sun ajiye. Zancen buhu mai ɗanyen tsakiya suka ce in ba su, daga farko har ƙarshe." Sai ya ɗaga murya fiye da yadda ake bukata tsakanin mutum biyu a baranda ɗaya. "Anti, in kin ga matar nan mai labari, ki gaya mata ɗanta zai fara aiki ranar Litinin."

Ta leƙo ta saman katanga, tabarau a goshi. "Mama, ka ji saƙo. Me zan ce masa?"

Na ci gaba da cuɗa tukunya. Na ce, "Ki ce masa ta ji. Kuma ya shigo ya ci abinci, tuwo yana hucewa."