Muryar da Na Kai Gaban Bature

Ɗalibaina sun sha tambayata inda na fara son wasan kwaikwayo. Nakan ce musu a makarantar elementare ta Wurno, zamanin Turawa, sai in yi maza in koma kan darasi. Ba ƙarya nake yi musu ba, amma rabin magana ce. Na yi shekaru ina koyar da wasannin ƙasashen duniya a jami'a, musamman na mutanen Sin, na kuma rubuta nawa. Ɗaya rabin maganar ban taɓa faɗa a aji ba, domin ko yanzu da furfura ta cika mini kai, idan na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Kakata ta wajen uwa ce ta raine ni. Inno muke ce mata. Mahaifiyata ta rasu ban kai ga yaye ba, mahaifina kuma yana Lahodu yana noma, sai jefi-jefi yake leƙo mu da damin gero ko kwandon albasa. A gidanmu ba a zancen mahaifiyata. Ita ce 'yar farin Inno, a wurinmu kuwa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ko mutuwa ba ta ɗage wannan kunya. Duk ranar da na tambaye ta yadda uwata take, sai ta ce, "Wagga yarinya? Kai, tashi ka kore min kaji, sun cinye min tsaki." Haka na tashi ba ni da komai na mahaifiyata, ko kamanni, ko labari.

Amma ina da daren sanyi. Da an idar da sallar lisha, Inno takan zuba kara a wani tsohon kasko ta hura wuta a tsakiyar ɗakinta. Mu yaran gida da na maƙwabta mu kewaye, kowa ya cusa ƙafafunsa cikin riga. Ana gasa gujiya a gefen toka. Inna Hajo, ƙanwar mahaifiyata, tana daga bakin ƙofa tana kaɗin auduga. Hasken wutar yakan hau fuskar Inno ya sauka, har in ga kamar ba tsohuwa ba ce, wata sarauniya ce da ta ɓad da kama ta zo ta zauna da mu. Tun ina ƙarami haka zuciyata take, ba ta iya barin abu yadda yake sai ta yi masa ado. Har gobe ina sayen ƙananan littattafan soyayya na kasuwa, ina ɓoye su ƙarƙashin manyan littattafan aiki.

"Ga ta nan ta taho daga nesa, ku ba ta wuri," in ji Inno, tana buɗe tatsuniya.

Mu ce, "Ta shigo ta ji ɗumi."

Sai ta dube ni ta gefen ido. "Maigida, matsa da wannan ƙahwa taka mai kaushi. Miji har miji, ko wuta bai iya hurawa ba."

Inno ba faɗin tatsuniya take yi ba, zama takan yi mutanen da ke ciki. Kura tana da muryarta, sarki yana da tasa, har tsohon jaki ta san yadda yake tari. Amma akwai guda ɗaya da ba ta yi sai sau biyu ko uku a shekara, ita ce ta yarinya mai i'ina. Na lura duk sa'ad da aka fara ta, Inna Hajo takan ajiye mazari ta ce za ta duba awaki. Ban taɓa tambayar kaina abin da ke samun awakin a daidai wannan lokaci ba.

Ga yadda take. Wai Dodo ne ya zauna a bakin gulbi ya haɗiye ruwan duka, gari ya shiga ƙishirwa. Aka tura maroƙi, ya zuba masa kirari kamar ruwan sama. Dodo ya ce ya ji irinsa. Aka tura alƙali ya kawo hujjoji, aka tura bafatake mai daɗin baki. Kowa ya zo sai ya yi ta zuba, Dodo yana katse shi yana dariya. Daga ƙarshe wata yarinya da ba wanda ya aike ta ta ɗauki ɗan tulunta ta je. Ta buɗe baki, magana ta maƙale. Dodo yana son ya ji abin da za ta ce don ya yi mata ba'a, sai ya yi shiru yana jira. Bai taɓa yin shiru ba tun da aka halicce shi. Cikin wannan shirun ne ya jiyo kukan jarirai daga cikin gari, da na shanu, da ƙarar guga tana bugun busasshiyar rijiya. Kafin yarinyar ta ƙarasa kalmarta ya amayar da gulbin.

Abin da ke kama ni shi ne yadda Inno take yin yarinyar. Takan ɗaga haɓa, ta bugi ƙirjinta da yatsu biyu kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa, ta ce, "B-b-b... ba ni ruwa, k-kai kuma," sannan wata 'yar dariya ta fito mata ta hanci. Mukan kwashe da dariya. Inno ba ta yi. Ni kam na kamu da son yarinyar nan, na ce in na girma ita zan nema. Na tambayi inda take. Inno ta ce ta bi ruwan ta tafi, ta bar ɗan tulunta a bakin gulbi. Ta tura kara cikin wuta ta ce, "Na sauke kayana, mai so shi ɗauka. Ku tashi ku kwanta."

Ina aji huɗu aka kawo mana sabon malami, Malam Haliru, saurayi mai farin takalmi da ya yi karatu a Katsina. Shi ya fara gaya mana akwai wani abu wai shi wasan kwaikwayo. Aka ce Baturen da ke duba makarantu zai zo, kuma idan ya ga yaro mai kai yakan sa a kai shi makarantar midil a Sakkwato. Malam Haliru ya shirya mana wasa a kan amfanin karatu. Wata mata ce aka aiko mata da wasiƙa, ba ta iya karantawa ba, ta yi ta yawo da ita a juye. Ba 'yan mata a cikinmu, sai aka ce ni zan zama matar.

Kwana uku ina yi Malam yana tsaki. "Ummaru, wannan ba mace ba ce, icce ne aka ɗaura wa zane. Ka sa mata rai mana!" Ina son Sakkwato kamar in mutu. Na riga na gina ta a zuciyata, da fitilu da benaye. Ran na huɗu, ban san lokacin da yatsuna biyu suka hau ƙirjina ba. Na ɗaga haɓa na ce, "K-k-k... karanta min, k-kai kuma," na saki 'yar dariyar nan ta hanci. Ajin ya kece. Malam Haliru ya riƙe ciki ya ce kada in sake in canza ko ɗigo.

Ranar wasan aka shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya. Hakimi ya zo da mutanensa, iyaye suka cika fili, Bature yana kan kujera da hularsa a gwiwa. Na hango mahaifina a can gefe, ya taso tun asuba daga Lahodu da rigarsa ta Juma'a. Na fito da zanen da na ara wurin Inna Hajo. Da na ga ana dariya sai na ƙara gishiri. Na ja i'inar har ina zare ido, na bugi ƙirji har ina tangaɗi. Bature ya yi dariya fuskarsa ta yi jajir. A tsakiyar wannan daɗi na ga mahaifina ya miƙe, Hakimi yana zaune, ya bi ta bayan mutane ya fita. Na ɗauka fitsari ya matse shi.

Aka tashi, Bature ya dafa kaina ya rubuta sunana a ɗan littafinsa. Na ruga gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. A zaure na ci karo da Inna Hajo. Labari ya riga ni isowa, domin mahaifina ya biyo ya tsaya a ƙofa, ya faɗi abin da ya faɗa, ya kama hanyar Lahodu ko ruwa bai sha ba. Ta fizge zanenta daga hannuna.

"Kai, mi kay yi yau?"

"Wasa munka yi, Inna. Bature ya ce..."

"Bature ya ce! Bature ya san ta? Kai wa kaka zato kake kwaikwayo?"

Na ce yarinyar tatsuniya ce.

Ta ce, "Wace yarinyar tatsuniya, sakarai? Uwarka ta. Haka take magana, haka take bugun ƙirji, haka take dariya. Tsohuwar ga ba ta da bakin da za ta kira sunanta, ba ta da damar ta zaunar da kai ta ce ga yadda ɗiyata take. Shi na ta sa ta cikin tatsuniya don ka ji muryar uwarka ko sau ɗaya a shekara. Ni ko tsayawa ba ni iyawa in an fara. Kai kuma ka kwashe ta ka kai kasuwa, maza na ta dariya, mijinta na zaune."

Ban yi kuka a lokacin ba. Na tsaya ina kallon wata tururuwa tana jan ƙwayar gero a ƙasan zauren, ina fatan in koma kamarta.

Inno ba ta ce mini komai ba. Da ta zage ni ko ta sa an zane ni, da na samu sauƙi. Tuwona ta ajiye mini a inda ta saba. Sanyi ya sake zagayowa, aka hura wuta, ta yi mana kura, ta yi sarki, ta yi jaki mai tari. Yarinyar ba ta ƙara zuwa ba. Wata rana wani yaron maƙwabta ya ce, "Inno, a yi muna ta mai i'ina." Ta ce ta manta ta. Ta kuma daina ce mini maigida, sai Ummaru, kamar malamin makaranta. Na san na rasa mahaifiyata karo na biyu, wannan karon da hannuna.

Takardar Sakkwato ta zo. Ranar da zan tafi, da hantsi, na shiga yi mata sallama da ɗan akwatina. Tana zaune a tsakar gida tana ɓarar wake, ba kowa sai ita. Na durƙusa. Ba ta ɗago ba ta ce, "An ce ka iya ta. Yi in ji."

Na ce, "Inno, don Allah ki yi haƙuri."

"Ba haƙuri nac ce ba. Yi in ji."

Na ɗauka horon da na daɗe ina jira ne ya zo. Na ɗora yatsu a ƙirji na yi. Ta girgiza kai.

"Ba haka na ba. Kai a maƙoshi kake tsayawa, ita ko nan ƙasa take tsaya mata, sai ta ƙwanƙwaso ta. Kuma mi ya sa kake sadda kai? Ba ta jin kunyar bakinta. Mutum take kallo cikin ido, shi jira. Sake."

Na sake. Ta ce dariyar ta yi tsawo. Na sake. Ta ce in bar zare ido, wannan na Bature ne. Ban san sau nawa na yi ba, rana tana dukan ƙeyata, hawaye suna shiga mini baki. A wani karo na faɗa, sai ba ta gyara mini ba. Hannunta ya tsaya cikin waken. Ta juya fuskarta wajen bango.

"Ya isa," in ji ta. "Tahi, mota ba ta jiranka."

Ban sake samun ta da lafiyar magana ba. Kafin in gama midil ta rasu.

Bayan shekaru masu yawa karatu ya kai ni ƙasar Sin. Wata safiya aka kai ni in ga yadda wani tsohon ɗan wasa yake koyar da almajirinsa, saurayi mai fitowa a matsayin mace. Tun safe har azahar a kan jan numfashi ɗaya suke. Tafinta ya ce mini kada in yi mamaki, a nan murya gado ce. Haka malamin tsohon yake jan numfashi, shi ma haka nasa malamin, kuma idan yaron ya kuskure, mutumin da ya mutu tun tuni zai ɓace gaba ɗaya. Ya tambaye ni ko a ƙasarmu akwai irin wannan. Na ce masa zafi ya dame ni, na fita waje.

Da ina yaro na ɗauka darasin tatsuniyar nan na Dodo ne, wato babba ya yi shiru ya saurari ƙarami. Ban san ni ne nake zaune kusa da abin da ya fi komai daraja a rayuwata ina dariya ba. Duk abin da na zama, daga wannan dariya ta gindin darbejiya ya faro, kuma ba yadda zan yi in raba su. Na rubuta mata da yawa a wasannina, ban taɓa ba wa ko ɗaya wannan murya ba. Nakan yi ta ni kaɗai, in na rufe ofis, don kada ta gushe. Har yau ban sani ba, ko yafe mini Inno ta yi a wannan hantsin, ko kuwa dai ta duba ne ta ga ba ta da wani wanda za ta bar wa.