Ƙofar "Yaron Nan"

Hindu ta fara buga tafireta a unguwar Firchin ta garin Jega, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, lokacin da kowa ke neman a buga masa takardar neman aiki. Ba ta duban hannunta in tana bugu. Da kwamfuta ta shigo, ta sayi wata tsohuwa mai manhajar Linuks a wurin taubashinta Bature, mai gyaran na'urori.

Ɗanta na fari, Shamsuddeen, ya rasu yana da shekara ashirin da biyu. Zazzaɓi ne, kwana huɗu. Kamar kowace uwa mai kunya a ƙasarmu, Hindu ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Yaron nan" take cewa. Hotunansa bakwai da wasiƙunsa Bature ya sa mata a kwamfuta, cikin folda mai sunan mamacin. Daga baya gara ta cinye na takarda.

Hindu ta ƙi taɓa foldar.

"Ka sake mata suna," in ji ta.

"Haba ƙanwata, kwamfuta ma kunyatta kike ji?" Bature ya yi dariya. Bai sake sunan ba. Ya tura foldar can ciki, ya yi mata wata a fuskar allo mai suna "Yaron Nan", wadda ba komai cikinta, nuni kawai take yi zuwa ta ainihin. "Wagga ƙohwa ce, ba ɗaki ba," ya ce. Ta ji, amma kamar yadda ake jin maganar taubashi.

Shekara huɗu tana shiga ta wannan ƙofa kowace Juma'a.

Da ta sayi sabuwar kwamfuta mai Windos, ta kwafe kayanta a faifan sidi. Ta kwafi "Yaron Nan", ta gwada a tsohuwar, hotuna suka buɗe. Dole su buɗe, tunda ɗakin na nan. Bature ya share fuskar allon, ya sayar da tsohuwar. A sabuwar, ta danna, ta sake dannawa. Ba komai.

Ta sami Bature a Aliero, kwance gidan masu ɗori, babur ya karya masa ƙafa.

"Wacce kika kwahe?" ya tambaya.

"Yaron Nan."

"La'ilaha! Kin ciro ƙyaure kin baro ɗaki. Kuma Windos ba ta san irin wagga ƙohwa ba ma."

"Da ƙahwa guda ma bakinka bai mutu ba. Ina kwamfutar?"

"Tana Mungadi, wurin Malami, hedimasta. Jibi za a wanke ta a zuba mashi Windos. Ki tahi yau."

Ta hau motar albasa zuwa Maiyama, daga nan ta hau kabu-kabu. Ta isa bayan la'asar, zanenta na warin albasa. Malami dattijo ne mai haƙuri. Ya saurare ta, ya tada janareto, ya zauna gaban kwamfutar.

"Hajiya, foldoji sun yi yawa. Sai dai mu nema da suna. Mi ne sunan?"

Hindu ta gyara mayafinta.

"Sunan wa aka sa mata?"

"Yaron nan," ta ce.

Malami ya dube ta. Shi ma uwa ta haife shi, kuma shi ne na fari. Bai sake tambaya ba. Ya tashi daga kujerar, ya ce zai duba man janareto, ya fita.

Ta zauna. Ta buga sunayen mutane dubbai a rayuwarta, na masu neman aiki da masu ƙara da masu gado, ban da wannan. Ta ɗora yatsunta, ta kau da kai wajen taga, ta buga haruffa goma sha ɗaya. Ba ta yi kuskure ba.

Ga shi nan tsaye gaban tashar Jega, da hularsa a karkace.

Ta kwafi ɗakin gaba ɗaya wannan karon. Da Bature ya fara takawa da sanda, ya zo shagonta ya ce zai yi mata sabuwar ƙofa irin ta Windos.

"Bar shi," in ji Hindu. "Na san hanya."