Ranar da Bijimin Baffa Ya Ci Shinkafa da Madara

Da idona na ga bijimi yana cin shinkafa da madara a faranti, mu kuwa muna tsaye da kwanuka wayam.

Wani Ba'indiye ne mai gyaran injin casar shinkafa a nan Kazaure ya roƙi Baffana ya kawo masa bijiminsa, wai bikin girbi ake yi a garinsu. To, mu nan in an ce biki kuma an ce sa, ai magana ta ƙare. Baffa ya wasa wuƙa, ya kira mahauci, rabin unguwa ta biyo mu.

Muna isa mutumin ya wanke bijimi da sabulu, ya shafa wa ƙahonsa fenti, ya rataya masa furanni.

Baffa ya gaji da jira, ya zaro wuƙa ya ce, "Maigida, mu kayar da shi?"

Ba'indiye ya rungume wuyan sa, ya ce da 'yar Hausarsa, "Ba yanka! Shi noma, shi gaji. Yau mu ce na gode."

Baffa ya mayar da wuƙa, ya ce, "Shekara bakwai yana mini huɗa, ko sannu ban taɓa yi masa ba."

Yau kwana huɗu ke nan bijimi ya ƙi harawa. Kullum da safe sai ya tsinke igiya, a tsince shi ƙofar Ba'indiye.

Ashe ko dabba ta san inda ake gode mata. Jama'a, yaya ake ba sa haƙuri?