Inna Rabi da sabuwar motata

Yau da safe na hango Inna Rabi a bakin hanyar tabki da kwandon kifinta, tana kau da kai. Na daɗe ina rage mata hanya zuwa kasuwar Maraɗi a 'yar tsohuwar motata. Makon nan na canza ta da wata ja mai gudun tsiya.

Na tsaya. "Inna, ba ki gane ni ba?"

"Na gane ka, ɗana. Kada ƙarnin kifi ya ɓata maka sabuwa."

Na ɗora kwandon a mota da hannuna, na buɗe mata gaba. Duk hanya tana sa albarka, tana cewa in rage gudu.

Ashe sabon abu kan sa naka ya ja baya. Ya taɓa faruwa da ku?