Bindigar da Na Saya Don Kurege

Shekarun baya can, wajen tsakiyar shekarun casa'in, lokacin ina karatun digiri na biyu kan aikin gona a Greensboro, can ƙasar waje, na taɓa sayen bindiga. Waɗanda suka san ni yanzu za su yi dariya, don ko kaza za a yanka a gidana sai na fara leƙawa ko maƙwabci yana nan. Amma na saya, kuma bakina ne ya jawo mini.

Aikin bincikena yakan kai ni Pleasant Garden, kudu da gari, ina ɗibar ƙasa a filayen mutane ina kaiwa a auna. A can na san wani dattijo, baƙar fata ɗan asalin wurin, wanda ya yi ritaya daga masaƙa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watsu a wasu garuruwa, shi kaɗai ne a gida mai ƙaton fili. Ranar farko na kira shi Baba. Ya tambaye ni ma'anar kalmar, na faɗa masa, ya ce daga yau kada in sake kiransa da wani abu daban.

A bayan gidan akwai bishiyoyin fikan guda huɗu. Fikan wani ɗan itace ne mai ɓawo, cikinsa kamar gyaɗa, sai dai ya fi maiƙo. Matarsa ce ta dasa biyu daga ciki, kuma duk kaka yakan tara ya aika wa 'ya'yansa. To a wannan shekarar kuregu sun yi masa taron dangi. Kuregen can ba irin namu ba ne mai shiga rami. Toka-toka ne, a bishiya yake kwana, ga ƙiba, ga wutsiya kamar tsintsiya. Baba ya ce a da shi yake rage su, amma yanzu ido ya yi rauni, hannu yana rawa. Sai ya tambaye ni ko ana farauta a ƙasarmu.

Na ce, "Baba, ai ni jikan maharbi ne."

Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba. Kakana na wajen uwa maharbi ne, amma ya rasu ina goye. Ni danƙo kaɗai na taɓa harbi da shi, kuma abu ɗaya da na taɓa samu da danƙon shi ne tulun maƙwabciyarmu. Baba ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce in nemi lasisi, in nemi bindigar iska, ita ma ta isa, lokacin farauta ya kusa. "Nama naka, fikan nawa."

A lokacin matata tana da cikin fari, kuma laulayin ya ƙi sakinta har wata na biyar. Komai ta ci sai ya dawo. Ta rame, likita ya fara yi mana faɗa, ni kuma na rasa abin da zan dafa mata. Da na ba ta labarin Baba, tana kwance ne, sai ta tashi zaune.

"Kurege? Irin wanda ake farfesu da shi?"

Ta ce yayanta yakan kamo musu suna yara, kuma tun da ta zo ƙasar nan ba ta ci naman da ya san daji ba, sai kazar kanti mai kama da auduga. Wannan ne karo na farko cikin makonni da na ji ta ambaci abinci ba ta yamutsa fuska ba. Ta ƙara da cewa, "Amma, Malam, bindiga mai albarushi ba za ta kwana a ɗakin nan ba." Na ce ta kwantar da hankalinta, ta iska ce.

Na je na zauna ajin ƙa'idojin farauta, na karɓi lasisi. Ranar sayen bindiga na roƙi wani abokina ya raka ni. Mutumin Maraɗi ne, mai yawan tsarma Faransanci a magana, ya girme ni, muna ce masa Alhaji, yana aiki a kamfanin kujeru, kuma ba a taɓa kawo maganar da bai san kanta ba.

Mai sayarwar wata mata ce mai furfura, tabarau rataye a wuya. Tambaya uku ta yi mini: me zan harba, daga wace tazara, kuma na taɓa harbi? Ta farko na ce kurege. Ta biyu na ce ban sani ba. Ta uku Alhaji ya riga ni, ya ce mata jikan maharbi ne ke gabanta.

Ta ɗora bindiga biyu a kan kanta. Ɗaya gajera ce mai ƙotar katako, ana ba ta iska da hannu kamar famfon keke, sau takwas kafin harbi ɗaya. Ɗayar doguwa ce baƙa wuluk, ana karya bakinta a ɗana, ga madubin hangen nesa a kai. Matar ta dafa gajerar ta ce wannan ba ta shuri, inda ka saita nan harsashin zai je. Doguwar ta fi ƙarfi, amma tana da hali, sai wanda ya saba da ita.

Na gwada ɗana doguwar, sai da jijiyar wuyana ta tashi. Alhaji ya matso ya ce mini da Hausa, "Bon, Malam, wannan mai famfon ai keke ce. Kana nan kana ba ta iska kurege ya tafi Yamai ya dawo. Ɗauki ta maza."

Ni ma dama zuciyata tana kan baƙar. Na riga na hango kaina a hoto riƙe da ita. Na ce a naɗe mini. Matar ta dube ni ta saman ido, ta ce in adana rasit ɗina.

Da na kai wa Baba, ya jujjuya ta, ya ce, "Ta yi nauyi." Ya jera mini gwangwanaye a kan kututture. Harbi na farko ya tafi sama, na biyu ya tono ƙasa, na uku ya sami gwangwani, ban ma tabbata wanda na nufa ba ne. Na ce hannu ya dawo. Baba ya tsince gwangwanayen.

Asabar ɗin da ta biyo na iso da hantsi. Ganye ya fara ja yana zuba, iska da ɗan sanyi. Muka zauna a gindin bishiya. Ba a jima ba wani ƙaton kurege ya sauko reshe, ya zauna yana jujjuya fikan a hannu. Na ɗaga bindiga, bakinta yana ta yawo saboda nauyi. Ko bisimillah ban yi ba na ja kunama.

A ƙugu na same shi. Ya faɗo yana wani kuka siriri da har yau ban manta ba, ya ja jiki da ƙafafun gaba, ya kama bishiya ya hau a haka, ya shige kogo.

Baba ya tashi a hankali ya ce, "Ɗauko tsani a gareji."

Kogon yana da zurfi. Mun fi awa biyu a kai, ina saman tsani da safar hannu mai kauri, shi yana riƙe mini a ƙasa. Kafin in kai ga kuregen ya mutu. Ban ambaci sunan Allah ba, ban yanka ba, don haka ba abin ci ba ne. Muka haƙa rami a gefen shinge muka binne.

Baba ya dogara da shebur ya ce, "Cewa na yi ka rage mini su, ban ce ka azabtar da su ba. Matata ta fi shekara talatin tana harbinsu daga barandar can, ban taɓa jin ɗaya ya yi wannan kukan ba."

A nan na faɗa masa komai, har zancen tulun. Ya ce ya sani tun ranar da ya ga yadda na riƙe bindigar. Na tambaye shi me ya hana shi dakatar da ni.

"Nan ne nawa laifin," in ji shi. "Ban so in kunyata ka ba, sai na bari dabba ta biya."

Na koma gida hannu rabbana. Na tarar matata ta daka citta da masoro da kanumfari, ta jajjaga attaruhu, har ta wanke tukunya. Ta dubi hannuna, ta dubi fuskata. Ta rufe kayan ta sa a firji. Da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Ranar Litinin na koma shagon ni kaɗai. Na ba matar labari ba ƙari ba ragi. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce ai ta faɗa mini ba. Ta duba bindigar, ta yarda a yi musaya. Sannan ta miƙo mini guda uku ɗaya bayan ɗaya, ta ce in rufe ido, in ɗaga kowacce zuwa kafaɗa, in buɗe. Wadda na buɗe ido na ga saitinta daidai da idona, ita ce tawa. Biyu sai na karkata wuya kafin in gani. Gajerar nan mai famfo kuwa ta zauna a kafaɗata kamar da ni aka auna ta. Ta haɗa mini da gwangwanin harsashin dalma mai ɗan kauri, ta ce madubi ba yanzu ba, in fara koyon gani da idona.

Baba ya kafa mini doka. Ya manna murafun kwalba a jikin katako, ya auna taku ashirin. Sai na sami biyar a jere kafin in sake nuna wa mai rai bindiga. Asabar uku na yi ina famfo ina harbi, har hannuna ya yi kanta. Ya koya mini in jingina da bishiya, in saki rabin numfashi, in matsa kunama a hankali kamar ina tsoron kada ta farka. Duk wannan lokacin muna jin kuregu a sama suna ƙwanƙwasar fikan, ɓawo yana zubo mana a ka.

Na ce, "Baba, suna cinye maka."

Ya ce, "Bar su. Sake famfo."

A Asabar ta huɗu ya cire katakon da kansa. Muka zauna inda muka zauna a da. Wani kurege ya fito, kusa, ya ba ni gefen kai. Na yi bisimillah, na matsa. Ƙarar ba ta wuce tafi ɗaya ba, ya faɗo kamar nunannen mangwaro. Na ruga da wuƙa na fuskantar da shi gabas na yanka. Da na ɗago na ga Baba ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, yana jira in gama.

Na sami na biyu kafin azahar. Na uku ya tsaya can ƙololuwa, na saita, na daɗe, sannan na sauke bindiga na ce ya yi nisa. A kan biyun da na samu Baba bai ce komai ba. A kan wannan ne ya dafa kafaɗata.

Washegari matata ta yi farfesu, ta ce lallai a gayyato Baba. Ya zo da rigar coci da ɗan buhun fikan, ya ce abin da kuregu suka rage masa ne, a raba. Alhaji ma ya zo, ya ɗaga bindigar ya duba, ya ce, "Voilà! Ai ni tun farko na ce mai famfon ta fi." Ban musa ba, ina kallon matata. Ta sha romo, ta jira. Muka jira tare da ita. Ta ƙara, ta ɗauki cinya, ta cinye, ta miƙo kwano. Baba kuwa attaruhu ya kama shi, gumi yana zuba, hawaye yana zuba, yana shan ruwa yana cewa a ƙara masa.

Ba zan ce kurege ne ya warkar da laulayin ba, wataƙila lokacinsa ne ya yi. Amma daga ranar abinci ya fara zama.

A kaset muke aika saƙo gida a lokacin, na ba da labarin duka a ciki. Bayan wata biyu amsa ta zo, muryar mahaifiyata tana cewa, "Mu nan muna gaya wa mutane yana can yana karatu, ashe kurege yake bi." Ana jin ƙannena suna dariya a bayanta.

Na yi kaka uku ina zuwa wurin Baba kafin aiki ya ɗauke mu daga Greensboro. Ban zama maharbi ba, kuma ban damu ba. Abin da ya zauna mini shi ne, duk lokacin da zan zaɓi wani abu, mota ce ko aiki ko gida, nakan tsaya in tambayi kaina: don ni zan ɗauka, ko don masu kallo? Sau da yawa amsar ba ta yi mini daɗi. Na kuma gane cewa idan mutum ya cika baki, ba lallai shi ne zai ji ciwon ba. Wani ne can da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Cikin nan mace aka haifa. Yanzu ta girma, tana da gidanta, kuma ba ta cin nama ko kaɗan. Da na kai mata ziyara bara, na tarar ta ajiye faranti a baranda tana zuba wa kuregu gyaɗa, har ta raɗa wa biyu suna. Na zauna na ba ta wannan labarin tun daga farko. Ta toshe baki, ta yi ta salati da Turanci, ta ce ba ta taɓa zaton haka nake ba.

Na ce, "Ki ƙara musu gyaɗar, 'yata. Da kakanninsu aka gina ƙashinki."