Saƙon da Ban Kai Ba

Wata Laraba a daminar da nake aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, na laɓe bayan geza da ƙwaryar fura a kai, ina kallon ƙaramin jirgin Alhaji yana shirin tashi daga gonar babana. Gonarmu nake ce mata har gobe, ko da yake tun rani wannan attajiri ya zo daga birni da takardu da katafila ya ƙwace ta, ya baje kunyoyin da na koyi shuka a kansu, ya tumɓuke aduwar da muke lilo a jikinta, wai don jirginsa ya samu wurin sauka idan ya zo duba garkensa. Mu kuwa aka tura mu wani faƙo a hanyar Gidan Amumune, inda gero ba ya wuce gwiwa. Na tsani mutumin nan, ko ƙarar jirginsa na ji sai na tofar da yawu.

Masu katafila ba su tambayi kowa ba, don haka ba su san da tsohuwar rijiyar kakana a tsakiyar gonar ba. An cike ta da yashi da ƙaiƙayi tun ba a haife ni ba, amma duk ruwa mai ƙarfi sai bakinta ya yi laushi. Ko jakinmu ya san ya kauce mata. Ranar an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da Baba zai fita noma ya ce, "Hadiza, kahin ki kawo mani hura, biya ki hwaɗa ma mai gadin Alhaji rijiyar nan ta sha ruwa. Akwai rai a cikin jirgin nan."

Na biya. Na gaida mai gadi da ladabi, na wuce abina.

Jirgin ya zabura, yana kaiwa wurin tayar hagu ta nutse, ya wuntsila ya caki ƙasa da hanci. Alhaji ya fito da rarrafe, babbar riga duk taɓo, hannu a karye, na yi dariya har fura ta zubo mini a wuya. Sai na ga an ciro matuƙin, wanda bai taɓa yi mana komai ba, ƙafarsa tana reto.

Da yamma Baba ya ce, "Kin hwaɗa?"

Na ce, "Na hwaɗa."

Ya daɗe yana kallona.

Jirgi bai sake sauka ba, gonar ma ba ta dawo ba. Yau 'yan kabu-kabu ke koyon tuƙin babur a inda muke roron gyaɗa da tsinkar yakuwa. Alhaji dai ban tausaya masa ba, ko yanzu. Ƙaryar da na yi wa Baba nake son in janye, shi kuwa ya riga ya tafi da ita kabari.